Masu haƙar zinare sun rusa kantin kakana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajiya Rabi daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, kuma raina a ɓace yake.

Kakana ya gina kantinmu da tubali da azara, a nan mutanen garinmu ke auna auduga a da. Ni na gaje shi, ina sayar da gishiri da manja. Masu haƙar zinare suka bi ƙarƙashinsa da rami har bango ya tsage. Na sami shugabansu, sai ya ce, "Hajiya, ai ginin ƙasa ne, dama zai faɗi." Ranar kasuwa ya rufta a idona.

Mai unguwa ya ce in yi haƙuri, na ƙi. Malam, ina zan kai ƙara?