Lallen da na sa a kwiɓina

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto.

A shekarar da ruwa ya kayar da katangar cocinmu ta Ƙofar Kaura, ciwon ciki ya kama ni. Kuna ɗaukar bulo, ni ina zarya bayan gida. Zawo da jini, dare da rana. Ni kafinta ne, amma har zarto ya gagare ni ja.

A asibiti likita ta ce wani yanki na hanjina ya lalace, sai an yanke. Ta ce kuma suna bincike kan irin wannan ciwo, in na yarda za su riƙe abin da suka yanke su duba.

Nan na fara zargi. Me za a yi da hanjin talaka?

Na gaya wa maƙwabcina Malam Sada, ɗan acaba. Ya ce, "Kafinta, hanji mi? Ƙoda suke so! Yanzu dasa ta ake wa masu hali. Kana barci za a zare, ka farka kana godiya."

Ana gobe za a yi mini aikin, na sa matata Laraba ta kwaɓa lalle, ta shafe mini kwiɓi biyu har gadon baya. Dabarata ita ce, duk inda wuƙa ta bi, zan ga an karya lallen.

Da nas ta ɗaga rigata sai ta fashe da dariya. "Baba, yaushe ne ɗaurin auren? Ba a gayyace mu ba!"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta tambayi dalili, na faɗa. Ta ce, "Malam, ba zan ruɗe ka ba. Ta gaban ciki ma ana iya fitar da ƙoda. Lalle ba zai tsare ka ba. Ni dai ba ita nake nema ba."

Gaskiya ta gaya mini, ni kuwa na ji kamar ɓarawo ya nuna mini ta inda yake shiga. Na sa rigata na tafi gida.

Na koma jiƙe-jiƙe har damina ta wuce. Wata Lahadi bayan sujada cikina ya kumbura kamar ganga, ba iska, ba bayan gida, sai amai. Malam Sada ɗin ne ya ɗauke ni a babur zuwa asibitin da na gudo, Laraba ta riƙe ni ta baya. Yana gudu yana cewa, "Ka yi ta addu'ar taku, Kafinta!"

A kan gadon da ake tura ni ɗakin tiyata na yi addu'a. Na ce, "Ubangiji, ka san ban yarda da mutanen nan ba. Ni za su sa barci, kai ba mai sa ka barci. Ka tsaya a kaina ka duba hannunsu." 'Yan'uwa, kafin allura ta shiga, hankalina ya kwanta. Halleluya!

Na farka da rai. Na yarda su riƙe hanjin, amma sai da aka nuna wa Laraba shi a cikin kwalba tukuna.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Da na samu ƙafa, na je wani wuri daban, inda ba a san likitar ba, aka yi mini hoton ciki. Na ce wa mai na'urar ya ƙirga ƙodar da ƙarfi. Ya ce biyu. Na ce ya sake.

Godiya ta tabbata ga Yesu! Ku yi tambaya a asibiti, ku yi ta yi, amma kada ku gudu. Ku miƙa wa Ubangiji abin da idonku ba zai iya tsarewa ba.

Likita ta ce da na tsaya ran farko, kamu ɗaya za ta yanke. Ta yanke uku. Na rasa hanji kamu uku, da aikin damina guda, da ƙarfin ɗaga katako. Yaji ma an hana ni har in mutu.