Baƙon da Malam Lado Ya Hana Abinci

Da sunan Allah Mai rahama. Wakilin Mai Girma Hakimi, Liman, Mai Unguwar Yalwawa, Ardo da jama'arsa da suka taso daga Aujara, uwarmu Hajiya Dada, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yanta, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni Hussaini, tare muka yi aikin malamin dabbobi da marigayi Malam Lado har furfura ta kama mu. Ya kasance mai isa ruga kafin rana ta yi zafi. Ya kasance idan ciwo ya shiga garke, ba ya komawa gida sai ya ga saniyar ƙarshe ta miƙe. Ya kasance mai tsokana, ko Ardo bai tsira daga bakinsa ba.

Amma mu da muka zauna kusa da shi mun san yana da baƙo. Haka yake kiran ciwon ɓarin kansa. Sai muna cikin hira ya yi shiru, ya karkatar da kai kamar mai sauraron sallama, ya ce, "Ya iso." Sai ka ji ƙas, ya ɓallo ƙwaya daga katin magani. Da farko baƙon sai an jima yake zuwa, daga baya ya zama na kullum. Da ya je asibiti a nan Dutse, likita ta ce masa yawan shan maganin ne yake dawo da ciwon. Ya fito yana cewa, "Hussaini, ashe ni nake ciyar da shi!"

Ya daina, likita tana bibiyarsa. Mun ga yadda ya sha wuya a makonnin farko, da amai da rashin barci, sannan kansa ya washe. Sauran ƙwayoyin dai bai zubar ba, kun san mu da ragowar magani, ya zuba su da katinsu a ƙwarya ya rataye a ɗakinsa. Ranar da na je gaishe shi a jinyar ajali, ya dubi ƙwaryar nan ya ce, "Baƙon nan fa bai mutu ba. Masauki yake nema."

Bayan rasuwarsa aka ja ƙofar ɗakin. Hajiya Dada ta aiko na zo, ta ce, "Malam, kullum bayan azahar muna jin ƙas a ɗakin nan." Na zauna a tsakar gida, rana tsaka, ko kaza ba ta motsi. Wallahi na ji shi da kunnena. Na tura ƙofa. 'Yarsa Mahbuba ce a kan buzunsa, ƙwaryar a cinyarta, ta karkatar da kai irin yadda yake yi. Ta ce, "Baffa, ya iso."

Ita ta roƙe ni in faɗi wannan a gabanku. Tun zaman makoki kuka ya sa mata ciwon kai, duk gwaggon da ta gan ta dafe da goshi sai ta kwance bakin zane ta miƙo mata ƙwaya. Da waɗannan suka ƙare, ta sauke ƙwaryar.

Mahbuba, 'yata, gobe yayanki Ikrima zai kai ki wurin likitar nan. Za ki sha wuya kafin ki ji sauƙi, kuma muna tare da ke. Iyaye mata, don Allah, ku gaishe ta da addu'a, ku bar bakin zanenku a ƙulle.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam Lado, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya Dada haƙuri. Baƙon da ya kora da wahala, Allah Ya hana shi masauki a gidansa. Amin.