Fistan Mai Rami a Ka

Wani dattijo direban tasi yana zaune a bencin gareji, sai ga wani saurayi ya zauna kusa da shi, yana jujjuya wani ƙarfen injin mota, fistan mai rami a ka.

"Baba, duba min nan don Allah. Injin tsere ne, sabon haɗi, amma ya buga. Bakaniken nan ya cuce ni."

Dattijon ya karɓa, ya zura yatsa a ramin. "Narkewa ya yi, ɗana. Zafi ne. Akwai baƙin mai?"

"Cike."

"Ruwa fa?"

"Har baki."

"Bai ce ka lallaɓa injin ba, sai ringin fistan ya zauna?"

"Na lallaɓa mana! Kamar mai dakon ƙwai nake tafiya. Sai jiya a hawan gada wata tsohuwar tasi, ƙofarta ɗaure da igiya, ta wuce ni, direban har da yi min hon. Ni da injin tsere? Na take totur har ƙasa."

Dattijon ya saci kallon tasinsa da ke fake a lungu, ya gyara zama don ya kare ta.

"Ka ji matsalarku, yaran yanzu, ba haƙuri. Ina ruwanka da mahaukacin direba?"

Sai bakanike ya leƙo daga ciki. "Baba mai tasi! Naka fistan biyu ne suka narke. Da girmanka, da wa ka yi tsere?"

Saurayin ya leƙa lungu, ya hango igiyar, ya dubi dattijon.

"Biyu, Baba? Alhamdu lillahi. Ashe ni na ci."