Akuyar da ta zaga unguwarmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ina iyali? Hajara ce daga Damri.

A da ko kaza ba ni da ita. Sai ƙungiyar matanmu ta ba ni akuya, da sharaɗin in ta haihu, ɗiyar farko ta maƙwabciyata Inno ce. Da Sallah ta matso, maigida ya ce, "Mu sayar mu yi ɗinki." Na ce, "Malam, amana ce, tsofaffin kayanmu ba su yage ba."

Alhamdu lillahi, yau awakina bakwai, yarana suna makaranta.

Don Allah ka faɗa wa masu rabon tallafi, buhun shinkafa ƙarewa yake, akuya kuwa haihuwa take. Ina gaida Inno, tata ma ta haihu jiya. Saura ta miƙa gaba!