Muryar da Ke Cikin Tsohon Kaset

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni uwa ce daga Yako, kuma kowa a unguwarmu ya san ban yarda da kiɗa a gidana ba.

Ranar Juma'a na tarar da ɗana Sani da abokansa a zaure sun kunna wani tsohon kaset, suna gardama kan wasu mawaƙan Kwanar Dangora masu kiɗan gita. Ɗaya ya ce sabon kaset ɗinsu da aka ɗauka a Kano ya fi daɗi. Sani ya ce, "Kai, ba ka san waƙa ba! Na farkon da suka ɗauka da rikoda a ɗaki, har da carar zakara a ciki, shi ne waƙa. Ji yarinyar nan mai amshi!"

Ya ƙara sauti. Malam, muryata ce. Ina aji uku a sakandare na yi musu amshin, a ɓoye.

Na ƙwace kaset ɗin, na yi musu faɗa mai zafi. Sani ya durƙusa yana ba ni haƙuri, ni da ya kamata in nemi afuwa.

Masu sauraro, in gaya masa gaskiya? Yau kwana biyar, idan ya gaishe ni, ba na iya kallon idonsa.