Jikata Mai Tambaya

A bencin jiran ganin likita, wata mata mai goyo ta juyo wajen wani dattijo mai sanda.

"Baba, yarinyar da ta raka ka ɗakin likita jikarka ce?"

"Jikata ce. Makarantar nan mai tsarin karatun Kanada take zuwa. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, amma abin da yaran can ke karantawa shi take karantawa."

"Na ji labarinsu. An ce ɗalibansu ba sa sunkuyar da kai gaban manya."

"Haka ne, malamansu ke cewa su yi tambaya. Ranar da ta fara tsare ni da ido, saura kaɗan in ɗaga sandar nan."

"To ka gani! Ni ba zan kai nawa a koya masa rashin kunya ba."

"'Yata, shekara da shekaru ina zuwa asibitin nan. Likita ya rubuta, in yi godiya, in fita. Ko sunan ciwona ban sani ba, nauyin tambaya nake ji. Yau ta dube shi ta ce, 'Me ke damun kakana?' Wallahi sai da ya zana mana zuciya a takarda."

Matar ta gyara goyonta. "To ina take yanzu?"

"Tana ciki. Likita ya gama da ni, ita ce ba ta gama da shi ba."