Jirgin Nuhu Ya Maƙale a Ƙofa

Kafinta: Baba, barka da yamma. Ya gida? Ya ƙafar?

Dattijo: Ƙafa tana nan inda ka san ta. Ya iyali? Ya aikin jirgin?

Kafinta: Lafiya lau. Mama fa?

Dattijo: Ta warke. Muryarka kamar daga cikin randa. Kana ina?

Kafinta: Coci, ɗakin 'yan Sande Sukul, ajin yara na Lahadi. Jirgin Nuhu na wasan yaran ya kammalu, har da taga da kwalta ciki da waje, yadda Littafi Mai Tsarki ya faɗa.

Dattijo: Madalla. Sai ka kai shi gaban bagade, gobe ne wasan.

Kafinta: To, Baba, a cikin ɗakin na haɗa shi saboda ruwan sama. Na turo shi, ya maƙale a ƙofa. Ni kuma ina bayansa.

Dattijo: Ka auna jirgi, ba ka auna ƙofa ba?

Kafinta: Littafi bai ba da awon ƙofarmu ba. Na leƙa ta taga na aiki mai gadi ya nemo taimako, ya ce yanzun nan. Har yanzu shiru.

Dattijo: Hankaka ka aika, irin na Nuhu da bai dawo da labari ba. Halo? Kana ji na?

Kafinta: Ina ji. Ɗan kaɗan ya rage. In aka cire ƙyauren, zai wuce.

Dattijo: To cire mana. Ba kai ne kafinta ba?

Kafinta: Baba, ka manta? Da kwamiti suka ce ƙyauren da na yi a karkace yake, na ciro shi na kai gida a ka. Kai da bakinka ka yanke mini horo, bencin baya. Ranar da kuka maido ni, na yi alkawari gaban jama'a ba zan ƙara cire ƙyauren coci ba. Matata ta ce in na koma bencin nan, ni kaɗai zan zauna.

Dattijo: Ban manta ba. Na ma yi maka tsanani a lokacin.

Kafinta: To in karya alkawarin, ko in kwana nan?

Dattijo: Kada ka karya. Allah da ya rataye bakan gizo a gajimare don alamar alkawarinsa, ya san halinmu sarai, duk da haka bai sauko da shi ba. Ni ban yi wa kowa alkawarin ƙyaure ba. Ina zuwa, ka miƙo mini guduma ta taga.

Kafinta: Baba, ka taɓa riƙe guduma?

Dattijo: Nuhu ma da tsufa ya fara. Amma mayarwa kai za ka mayar, gobe da safe, kowa yana kallo. Ba ka yi alkawarin ba za ka gyara ba.

Kafinta: Na gode, Baba. Ni da na ɗauka...

Dattijo: Wannan karon dai a miƙe.

Kafinta: Ai dā ma a miƙe yake! Bangon ne ya...

Dattijo: Katin wayarka ya ƙare, ɗana.

Kafinta: Bai ƙare ba, Baba. Halo?